Kibod ko Fiyanon Dijital? Madannai Ake Saya, Ba Yawan Sauti Ba

A shagon kayan kiɗa, ko a Sabon Gari ne a Kano ko a kasuwar Alaba ta Legas, abin da ke fara rikita sabon mai saye shi ne na'urori biyu da aka jera kusa da juna. Ta farko gajeriya ce, marar nauyi, fuskarta cike da maɓallai da ɗan allo mai haske, kwalinta kuma na tinƙaho da sautuka sama da 600 da salon kiɗa sama da 200. Ta biyu doguwa ce, baƙa wuluk, babu allo, maɓallanta 'yan ƙalilan, sautukanta 10 kacal. Sai a tambayi farashi, a ji ta biyun ta ninka ta farkon sau biyu, wani lokaci har uku.

Wanda ya taso yana sayen waya ya saba da lissafi guda: wadda ta fi RAM, ta fi kyamara, ta fi babban batir, ita ta fi tsada. A wannan ma'auni 600 ta fi 10, saboda haka ko dai mai shago na neman yi masa wayo, ko kuma masu sayen doguwar ba su san ciwon kuɗinsu ba. Ba ko ɗaya. Kuɗin doguwar ba a sauti ya tafi ba, yana ƙarƙashin madannai, inda ido ba ya gani.

Kuma batun ba na wasa ba ne ga matashin da ya shafe watanni yana tara kuɗi, ga kuma ƙa'idar kasuwa ta in an saya an saya. Kusan duk abin da ke jikin waɗannan na'urori, wayar da ke aljihu na iya ƙara shi daga baya: sautuka, ganguna, darussa, naɗar waƙa. Abu ɗaya ne babu manhajar da za ta taɓa sauyawa, shi ne yadda madanni ke amsa yatsa.

Suna ɗaya, na'ura biyu

Ruɗanin ya faro ne tun daga suna. A bakin Bahaushe, duk abin da ke da madannai farare da baƙaƙe fiyano ne. Da an ce kiɗan fiyano a Kano ko Kaduna, abin da ke zuwa ran mutum shi ne kiɗan waƙoƙin finafinai da na biki, wanda situdiyoyi suka riƙa haɗawa da kibod ɗin Yamaha na jerin PSR tun a shekarun 1990. Wato abin da yawancin mutane ke kira fiyano a ƙasar Hausa, kibod ne.

Fiyano na asali wani abu ne daban. Wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Fulorans na Italiya wajajen shekarar 1700. Kafin shi akwai hafsikod, wanda idan aka danna madanninsa sai wani ɗan tsinke ya fizgi tsirkiya, kuma ko an danna a hankali ko da ƙarfi, ƙarar kusan ɗaya take fita. Cristofori ya sanya ƙaramar guduma ta riƙa dukan tsirkiyar, yadda saurin yatsa zai yanke hukuncin ƙarfin sautin. Daga nan sunan ya fito: a Italiyanci piano na nufin a hankali, forte kuma da ƙarfi. Sunan abin kiɗan kansa bayani ne kan taɓawa.

Babban fiyanon katako na da tsirkiyoyi sama da 200 da aka ɗaure tamau a jikin firam na ƙarfe, nauyinsa ɗaruruwan kilo, kuma sai an riƙa kiran gwani yana daidaita muryarsa. Fiyanon dijital yunƙuri ne na kwaikwayon wannan abu guda ɗaya tak: an naɗi sautin fiyano na gaske an adana a ƙwaƙwalwar na'ura, an kuma ƙera madannai masu nauyi irin nasa. Yamaha ta fito da jerin Clavinova a 1983 da wannan manufa. Shi kuwa kibod burinsa daban ne tun farko. Tun daga Casiotone 201 da Casio ta fitar a 1980, abin da ake so shi ne a cusa rukunin makaɗa gaba ɗaya cikin akwati guda mai arha: mai ganga, mai jita, mai sarewa, mai busa ƙaho. Ɗaya na son ya iya abu ɗaya sosai, ɗayan na son ya taɓa komai. Kwatanta yawan sautukansu kamar kwatanta kyamarar ɗaukar hoto ne da waya, a ce wayar ta fi domin tana da kalkuleta.

Abin da ke ƙarƙashin madanni

Madannai hawa uku ne, kuma a nan ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa.

Hawa na ƙasa shi ne madannin da bai san ƙarfin taɓawa ba. Makunni ne kawai, kamar na ƙwan lantarki: ko a kunne, ko a kashe. A shafa shi ko a nausa, sauti ɗaya zai bayar. Irin wannan ne a kusan duk kibod marasa suna da ake jibgewa a kasuwa, har ma da ƙananan samfuran manyan kamfanoni, kamar Yamaha PSR-F52 da PSR-E273 da Casio CT-S200. Sunan kamfani a jiki ba ya nufin akwai wannan fasaha.

Hawa na biyu shi ne madanni mai sifirin wanda ke jin ƙarfin taɓawa. A jikin kwali ana rubuta Touch Response, kuma waɗannan kalmomi biyu sun fi duk lambobin da ke kwalin muhimmanci. Yadda abin ke aiki na da ban sha'awa, domin na'urar ba ƙarfin yatsa take aunawa ba, lokaci take aunawa. Ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yan ƙullutun roba guda biyu masu baƙin kabon a gindinsu, an tsara su yadda ɗaya zai riga ɗaya sauka. Idan aka danna, na farko ya taɓa allon lantarki, na biyu ya biyo shi. Ƙwaƙwalwar na'urar sai ta ƙirga ɗan taƙin da ke tsakani, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Idan taƙin gajere ne, an danna da sauri ke nan, sai ta ba da sauti mai ƙarfi. Idan ya yi tsawo, sai ta sassauta. Sakamakon lamba ce tsakanin 1 da 127. Yamaha PSR-E373 da magajinsa PSR-E383, da Casio CT-S300, duk a wannan hawa suke.

Hawa na uku shi ne madanni mai guduma. A nan ba sifirin ne ke turo madannin sama ba. Akwai ɗan sandan ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin kowane ɗaya, wanda ke yin sama idan an danna, ya faɗo da nauyin kansa idan an saki, kamar dai gudumar fiyanon katako. A yawancinsu madannan hagu, masu kaurin murya, sun fi na dama nauyi, domin haka abin yake a fiyano na gaske. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa: GHS a Yamaha P-45, GHC a P-145, PHA-4 a Roland FP-10, Scaled Hammer Action a jerin CDP na Casio. Gudumomi 88 na ƙarfe, kowace da mazauninta, su ne suka sa P-45 ya kai kilo 11.5 alhali PSR-E373 bai wuce kilo 4.6 ba. Su ne kuma suka cinye kuɗin.

Me nauyin ke ƙarawa? Iko. Lambar nan ta 1 zuwa 127 tana nan a hawa na biyu da na uku duka, amma a madanni mai sifirin da wuya yatsa ya iya zaɓar inda zai sauka. Daga an taɓa ya tafi, sai sauti ya riƙa tsalle daga raɗa zuwa ihu. Idan akwai nauyin da yatsa ke turawa, sai ya koyi bambance 40 da 60 da 90. A kiɗan fiyano na gaske wannan shi ne aikin: hannun dama ya fito da karin waƙa fili, na hagu ya bi shi a hankali ba tare da ya danne shi ba. Wanda ya shekara a madannai masu sifirin, ranar da ya fara zama gaban fiyano zai ji yatsunsa sun gaji cikin mintuna kaɗan, wasu muryoyin ma su ƙi fita, musamman a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Abin ya yi kama da mota: wanda ya koya da giyar hannu ba ya shan wahalar otomatik, amma wanda ya fara da otomatik sai ya sake zama ɗalibi.

Sai dai akwai zuzutawa a maganar da ake yawan yi cewa kibod na lalata hannu. A watannin farko abin da mai koyo ke fama da shi shi ne sanin sunayen madannai, haɗa kod, riƙe lokaci, da sa hannu biyu su daina kwaikwayon juna. Duk wannan ana koyonsa sarai a madannai masu sifirin, muddin suna jin taɓawa. Har ma akwai aikin da madanni marar nauyi ya fi dacewa da shi. Mai buga ganga da yatsu a situdiyo, ko mai son gudun sarewa da algaita, nauyin guduma cikas ne gare shi. Irin wannan makaɗi ya fi buƙatar ɗan gargaren lanƙwasa murya da ke gefen hagu, wanda CT-S300 ke da shi, PSR-E373 kuwa ba shi da shi, galibin ƙananan fiyanon dijital ma haka.

Wani tarko da ya yawaita a 'yan shekarun nan: dogayen na'urori masu madannai 88, masu arha, wasu har naɗe su ake yi a saka a jaka. Tsawon ya sa ake ɗaukarsu fiyanon dijital, alhali sifirin ne a ciki. Idan an ga an rubuta cewa madannan rabin nauyi gare su, to babu guduma. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a ɗaga na'urar. Abu mai madannai 88 da ake ɗauka da hannu ɗaya ba tare da nishi ba, babu ƙarfe a cikinsa.

61 ko 88

Cikakken fiyano madannai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. Tsarin na maimaita kansa bayan kowane madanni 12, abin da makaɗa ke kira oktef, saboda haka 88 na nufin oktef bakwai da 'yan kai. Kibod mai 61 oktef biyar ne. Mai koyo ba ya kusantar gefuna a shekarar farko, kuma waƙoƙin zamani da na majami'a da na finafinai suna zama daram a cikin 61, ga kuma maɓallin da ke matsar da oktef sama ko ƙasa idan an matsu. Inda 61 ke gazawa shi ne kiɗan gargajiyar Turai na ƙarni na 19 zuwa sama, da kuma jarrabawa: hukumar ABRSM ta Ingila, wadda ake zana jarrabawarta a ƙasashe da dama, tana karɓar fiyanon dijital ne idan madannansa cikakku ne masu nauyi kuma yana da feda. Ƙasa da 61 kuwa, irin masu 49 ko 54, hannu biyu kan fara cin karo da wuri. Haka ma ƙananan madannai irin na yara. Hannu zai haddace tazarar da ba ita ce ta gaskiya ba.

Akwai wata lamba a kwali da ake kira folifoni, wato muryoyi nawa na'ura ke iya fitarwa a lokaci guda. PSR-E373 na da 48, P-45 na da 64, FP-10 na da 96. Mutum zai ce yatsu goma ne, me za a yi da 64? Amsar ita ce idan an taka feda, muryoyin da aka saki ba sa mutuwa, suna ci gaba da cin gurbi. Haka ma gangunan rakiya, haka ma idan an ɗora sauti biyu kan juna. In gurbi ya ƙare, sai na'urar ta yanke tsofaffin muryoyi. Ga mai koyo 48 ta isa. Ba lambar da za a ƙara kuɗi dominta ba ce.

Inda waya ta shigo

A bayan yawancin waɗannan na'urori akwai ƙofar USB, a na Yamaha an rubuta USB TO HOST, mai siffar ta firinta. Wannan ƙofa ce ta sauya lissafin gaba ɗaya. Ta cikinta na'urar ke magana da yaren MIDI, wata yarjejeniya da kamfanonin kayan kiɗa suka cim ma a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. MIDI ba sauti yake aikawa ba, labari yake aikawa. Idan aka danna madannin C na tsakiya, saƙon bayit uku ne kacal ke fita: an danna, lamba 60, ƙarfi kaza. Madannai 88 na fiyano sun kama daga lamba 21 zuwa 108. Ga masu sha'awar rubuta manhaja, burauzar Chrome na iya karanta waɗannan saƙonni kai tsaye, kuma da 'yan layukan JavaScript mutum zai ga lambobin na zubowa a allo yayin da yake dannawa. Babu hanyar da ta fi wannan saurin tona asirin kibod: wanda bai san taɓawa ba, lamba ɗaya zai yi ta maimaitawa komai ƙarfin dukan.

Android ta fara karɓar MIDI a hukumance tun daga siga ta 6.0 a 2015, iPhone kuwa ta riga ta. Abin da ake buƙata shi ne kebul ɗin da ya dace da ƙofar na'urar, da ɗan kan OTG na wayar. A lura, Casio CT-S300 ƙaramar ƙofa gare shi irin ta tsofaffin wayoyi, ba ta firinta ba. Wasu wayoyin kuma sai an shiga saiti an kunna OTG da hannu, har ma sukan kashe shi da kansu idan an jima ba a yi amfani da shi ba, abin da ke sa mutane da yawa zargin kebul.

Da zarar an haɗa, fiyanon nan mai sautuka 10 ya daina zama mai sautuka 10. FL Studio Mobile, ko GarageBand a iPhone, za su karɓi lambobin su mayar da su duk sautin da aka ga dama: goge, ƙaho, ganga, ko sautin kalangu da mutum ya naɗa da kansa. Manhajojin koyo irin su Flowkey da Simply Piano da Synthesia za su san daidai madannin da aka danna da lokacin da aka danna shi. Wasu daga cikinsu na iya sauraro ta makirfon ɗin waya ba tare da kebul ba, amma a unguwar da janareton maƙwabci ke ruri, ga yara na wasa a tsakar gida, makirfon kan yi ta kuskure har mai koyo ya zaci shi ne bai iya ba. Kebul ya fi.

Juyin wannan kuwa ba ya yiwuwa. Waya za ta ba fiyano mai guduma sautuka dubu, amma babu manhajar da za ta saka guduma a kibod mai sifirin, ko ta koya wa makunni jin taɓawa. Wasu ƙananan samfuran ma ba su da ƙofar USB ɗin sam, saboda haka kafin a biya a juya na'urar a duba bayanta.

Batun Bluetooth na buƙatar rarrabewa, domin iri biyu ne. MIDI ta Bluetooth, irin wadda FP-10 ke da ita, saƙonni ne ƙanana, jinkirinta kaɗan ne. Amma sauraron sauti ta hedifon ɗin Bluetooth yayin da ake kiɗa ba ya yiwuwa: sautin kan iso kunne bayan yatsa ya riga ya sauka, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya wargaza lokaci. Hedifon mai waya ake nema. Su kansu wayoyin Android sun bambanta wajen jinkirin sauti, masu arha sun fi fama da shi. Maganin a lokacin atisaye shi ne a bar na'urar ta fitar da sautinta, wayar ta tsaya kan darasi kawai.

Kiɗan rakiya: gata ko raggo

Abin da kibod ke da shi wanda ƙananan fiyanon dijital ba su da shi shi ne kiɗan rakiya. A zaɓi salo, a danna yatsa ɗaya ko biyu a hagu, sai ganga da bes da jita su tashi gaba ɗaya suna bin kod ɗin. Ga mai kiɗa shi kaɗai a wurin biki ko ƙaramar majami'a, wannan shi ne sana'ar. Ga mai koyo kuma yana da daɗi, domin tun a makon farko zai ji kamar ya iya, kuma jin daɗin nan ne ke hana mutane da yawa jefar da abin a ƙarƙashin gado.

Illarsa ita ce hannun hagu kan zama ɗan kallo. Haka ma maɓallin da ke ɗaga ko sauke muryar na'urar gaba ɗaya: akwai makaɗa da dama da suka shekara suna kiɗa a maɓalli guda, duk waƙar da aka ɗauko sai su latsa shi ya daidaita musu. Ranar da aka ajiye su gaban fiyanon da ba su san inda maɓallin yake ba, sai ido ya raina fata. Wannan ba laifin na'ura ba ne, amma fiyanon da babu abin wasa a fuskarsa ya fi tilasta wa mutum zama ya yi atisaye, kamar dai wayar da babu TikTok a cikinta.

Akwai masu haɗa biyun. Yamaha DGX-670 da Casio CDP-S360 na da madannai 88 masu guduma tare da ɗaruruwan sautuka da kiɗan rakiya. Sun fi tsada, kuma DGX-670 ya haura kilo 21, ba abin ɗorawa a babur ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai madannan MIDI zalla, irin Akai MPK Mini ko M-Audio Keystation, waɗanda ba su da sifika ko sautin kansu, sai an haɗa su da waya ko kwamfuta. Ga wanda burinsa haɗa kiɗa a FL Studio ne kawai, su ne mafi arha. Ga mai son koyon kiɗa da hannu biyu kuwa ba su dace ba, domin duk ranar da cajin waya ya ƙare, atisaye ya ƙare.

Wuta, ƙura da ɗaki

Masu sharhin kayan kiɗa a Turai da Amurka ba sa damuwa da batir, amma a inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan na iya yanke hukunci. PSR-E373 da CT-S300 na aiki da batir AA guda shida. P-45 da FP-10 ba sa aiki sai da wuta. Casio CDP-S110 ya fita daban: madannai 88 masu guduma, kilo 10.5, kuma yana karɓar batir AA shida. Abin farin ciki shi ne duk waɗannan na'urori ba su da cin wuta, ba su kai fankar sama ba, saboda haka ƙaramar sola ko inbata na ɗaukarsu cikin sauƙi.

Adafta ita ce ke yawan kashe na'ura. Kayan da aka shigo da su na hannu daga Amurka ko Japan kan zo da adaftar bolt 120 ko 100, alhali wutar Najeriya da Nijar ta haura 200. A karanta ɗan rubutun da ke jikinta kafin a soka. Idan kuma za a sayi wata a kasuwa, ba shigar baki kaɗai ake dubawa ba. Sai bolt ya yi daidai, sai kuma alamar da ke nuna ko tsakiyar bakin ne mai ƙari ko gefensa, domin ba duk kamfanoni suka yi tarayya a kan haka ba.

Sai ƙura. Waɗannan 'yan robobi masu kabon da aka yi bayani a baya su ne hunturu ke fara kamawa. Idan ƙura ta toshe ɗaya daga cikin biyun, madannin kan yi shiru gaba ɗaya, ko kuma ya riƙa fita da iyakar ƙarfinsa ko da shafa shi aka yi. Ana gyarawa, amma sai an kwance na'urar. Tsohon zani da za a riƙa lulluɓe ta da shi bayan atisaye ya fi kuɗin mai gyara sauƙi. A auna ɗaki ma: P-45 ya kai kusan santimita 133 a tsawo, PSR-E373 bai cika mita ɗaya ba. Na'urar da sai an ciro ta daga kwali an share tebur kafin a kunna, ba kullum za a kunna ta ba.

To wa zai sayi me?

Wanda abin da ke kansa shi ne kiɗan waƙoƙin Hausa, haɗa bit, rakiyar mawaƙa a biki ko majami'a, ko kuma bai tabbatar ko sha'awar za ta ɗore ba, kibod mai madannai 61 masu jin taɓawa da ƙofar USB ya ishe shi, kuma ba faɗuwa ya yi ba. Wanda kuwa sautin fiyano shi kaɗai ne ya ja shi, yana son karanta rubutun kiɗa, yana hangen jarrabawa ko zama gaban fiyanon katako wata rana, gara ya ƙara haƙuri ya tara na mai guduma, ko da na hannu ne, ko da sautukansa 10 ne. Sayen kibod da niyyar sauyawa bayan wata shida biyan kuɗi sau biyu ne. Abin da bai dace da kowa ba a cikinsu shi ne hawa na ƙasa, sai dai in kyauta za a yi wa yaro ɗan shekara biyar.

Na hannu ba abin gudu ba ne, domin fasahar madannai ba ta tsufa da sauri kamar ta waya. P-45 ya fito tun 2015 kuma har yanzu ana koyo a kansa. Amma a je da shiri. A zaɓi sautin fiyano, a bi madannan ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, kowanne sau biyu: a hankali, sannan da ƙarfi. Mai shago zai ƙosa, a bar shi ya ƙosa. Mintuna biyar ne. A kashe ƙara gaba ɗaya a sake bi, a saurari ko wani madanni na ƙwanƙwasa ko yana jinkirin tasowa. A buɗe gidan batir a duba tsatsa. A haɗa waya da OTG a nan take a ga ko manhaja ta gane na'urar. A kuma karanta sunan kamfanin harafi bayan harafi tare da neman lambar samfurin a shafin kamfanin na intanet, domin akwai jabu masu suna kusa da na gaske.

A ware wani abu daga kuɗin domin 'yan tarkacen da ba a faɗa. Teburin karatu ya yi wa fiyano tsawo. Ana son gwiwar hannu ta yi daidai da madannai idan an zauna, don haka sai an nemi ƙafar ɗorawa mai ƙarfi, musamman ga mai guduma, wanda ke sa sirara rawa. Feda ma dole ce, kuma yawancin kibod ba sa zuwa da ita. Idan an saka ta a na'urar Yamaha aka ga tana aiki a juye, wato sauti na dogo idan an ɗaga ƙafa, ba lalacewa ta yi ba: a kashe na'urar a sake kunnawa ba tare da an taka ta ba. Ƙofar hedifon ta P-45 da PSR-E373 kuma babba ce, mai milimita 6.35, bakin hedifon ɗin waya ba ya zama a ciki. Ɗan kan da ke haɗa su bai kai kuɗin katin data ba, amma gara a saye shi a shagon tun kafin a kama hanyar gida.